Yadda Za Ka Tsara Kwasa-kwasan Shekarar Farko a Digirin Kimiyyar Motsa Jiki

Yawancin masu neman gurbi a fannin kimiyyar motsa jiki daga filin wasa suke zuwa, ko daga ɗakin ɗaga ƙarfe. Wani ƙwallo ce ta jawo shi, wani gudu, wani kuma rauni ya taɓa ji aka yi ta masa gashi har ya miƙe, sai sha'awar aikin ta shiga ransa. Ranar da aka miƙa musu jerin kwasa-kwasan aji ɗaya kuwa sai jiki ya yi sanyi: bayoloji, kemistiri, lissafi, rubutu, wani wurin har da fiziks. Motsa jikin da aka zo dominsa kwas ɗaya ne tal, shi ma na gabatarwa.

Haka fannin yake tun asali, a ɗakin gwaje-gwaje ya tashi. A. V. Hill da Otto Meyerhof sun sami kyautar Nobel ta 1922 ne kan binciken zafin da tsoka ke fitarwa da yadda take amfani da iskar oksijin. Ɗakin binciken gajiya na Jami'ar Harvard, wanda ya yi aiki daga 1927 zuwa 1947 kuma ya yaye da yawa daga magabatan fannin, masanin kemistiri ne ya riƙa tafiyar da bincikensa, wato D. B. Dill. Saboda haka shekarar farko shekarar kimiyyar tushe ce, kuma aikinta shi ne ta buɗe maka kwasa-kwasan da ke gaba. Wanda ya tsara ta da wannan a ransa zai gama a kan lokaci. Wanda ya cika ta da abin da ya ga dama zai iya samun maki mai kyau amma ya tarar an hana shi rajistar kwas ɗin da ya fi buƙata a aji biyu.

Mataki na farko: fara daga ajin ƙarshe ka dawo baya

Nemi kundin manhajar sashenku, na shekarar da aka ɗauke ka. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, domin jami'o'i kan sauya manhaja, kuma galibi da ta shekarar shigarka za a yi maka hisabi ranar yaye. Na wani da ya riga ka da shekara biyu zai iya ɓatar da kai.

Kada ka buɗe shafin aji ɗaya tukuna. Tafi kwasa-kwasan shekarar ƙarshe da wadda ke gabanta: fiziyolojin motsa jiki (yadda jiki ke aiki yayin motsi), bayomekaniks (fiziks ɗin motsin jiki), gwajin ƙarfin jiki da tsara atisaye, hanyoyin bincike, aikin koyon sana'a. A ƙarƙashin kowanne za ka ga suna, lamba, adadin kiredit, sai wani ɗan layi da yawancin ɗalibai suke tsallakewa. Zai ce wani abu kamar haka: sai wanda ya ci anatomi (ilimin sassan jiki) da fiziyoloji na ɗaya da na biyu da makin C ko sama. Wani lokaci a ƙara da cewa a zangon farko kawai ake bayar da shi. Ɗauki takarda ka rubuta kwas ɗin, ka ja layi zuwa sharaɗinsa, ka nemi sharaɗin shi ma sharaɗin, har ka iso kwas ɗin da ba ya buƙatar komai sai takardar shigarka jami'a.

In ka gama za ka ga sarƙoƙi uku ko huɗu sun fito, kuma kusan ko'ina kamanninsu ɗaya:

- bayoloji, sai anatomi da fiziyoloji, sai fiziyolojin motsa jiki, sai gwaji da tsara atisaye, sai aikin koyon sana'a;
- lissafi, sai fiziks, sai bayomekaniks;
- kemistiri na ɗaya da na biyu, sai ilimin abinci mai gina jiki ko bayokemistiri;
- ƙididdiga, sai hanyoyin bincike, sai aikin bincike na kammalawa.

Ƙirga tsawon kowacce. Ta farko takan kai zango biyar ko shida a jere. Digirin shekara huɗu zango takwas ne, ka ga sararin da ya rage maka na tuntuɓe bai wuce biyu ko uku ba. In digirin na shekara uku ne, kamar yadda aka saba a Ingila, sararin ya ƙara ƙuntata. Duk kwas ɗin da ke bakin sarƙa mafi tsawo shi ne na farko a rajistarka, kome sauran za su ce.

Sa alama ta musamman a kan kwas ɗin da ake bayarwa sau ɗaya a shekara. Faɗuwa a irinsa, ko rasa gurbi a cikinsa, jiran wata goma sha biyu ne, kuma duk abin da ke bayansa zai jira tare da shi. Sannan ka bambance sharaɗi iri biyu: akwai wanda dole ka ci kafin ka shiga, akwai wanda aka yarda ka ɗauka lokaci guda da kwas ɗin. Na biyun nan yakan ceci zango guda cur in ka gane shi da wuri.

A wasu ƙasashe kusan duk kwasa-kwasan aji ɗaya na dole ne, sashe ya riga ya jera maka su. Ko da haka ne ka zana sarƙoƙin, don su za su nuna maka inda za ka zuba ƙarfinka idan lokaci ya ƙure.

Mataki na biyu: wace ƙofa kake son fita ta cikinta?

Ba a ce ka yanke shawarar rayuwarka a makon farko ba. Amma digirin nan hanyoyi da dama yake kaiwa, kuma tun a aji ɗaya suke fara rabuwa ba tare da an sanar da kai ba. Akwai masu horar da 'yan wasa kan ƙarfi da juriya. Akwai masu aiki a asibiti da masu ciwon zuciya, huhu ko sukari, suna tsara musu atisaye. Akwai masu son wucewa zuwa fiziyoterafi, wato aikin gashi na asibiti, ko likitanci. Akwai masu koyarwa, da masu bincike, da masu aikin lafiyar al'umma.

Abu ɗaya da ya kamata a faɗa a fili: digirin kimiyyar motsa jiki shi kaɗai ba ya mai da mutum likitan fiziyoterafi. A Amurka sai ka ƙara digirin gaba na musamman, kuma makarantunsa galibi suna neman kemistiri zango biyu da fiziks zango biyu, duk da aikin ɗakin gwaji, ga anatomi da fiziyoloji, ƙididdiga da ilimin halayyar ɗan Adam. A ƙasashe da yawa kuma fiziyoterafi digiri ne mai zaman kansa da ake shiga tun daga farko. Bincika dokar ƙasar da kake son yin aiki a cikinta tun yanzu.

A nan ne tarkon yake. Jami'o'i da yawa suna da kemistiri iri biyu da fiziks iri biyu: mai sauƙi na waɗanda ba kimiyya suke karanta ba, da cikakke na ɗaliban kimiyya. Sashenka zai iya karɓar mai sauƙin ya yaye ka da shi lafiya lau, amma makarantar gaba ta ƙi shi. Sai ka tsinci kanka bayan digiri kana biyan kuɗin kwas ɗin aji ɗaya. A ganina, in kana da ko da ɗan shakku kan inda za ka nufa, ɗauki cikakken. Shi yana shiga kowace ƙofa, mai sauƙin kuwa wasu kawai yake shiga.

Leƙa kuma sharuɗɗan takardun shaidar ƙwarewa. Ƙungiyar ACSM ta likitancin wasanni ta Amurka, wadda aka kafa a 1954, tana neman awa 1,200 na aikin asibiti daga mai digirin farko kafin ya zauna jarrabawar masanin fiziyolojin motsa jiki na asibiti, ko awa 600 daga mai digiri na biyu. Shaidar CSCS ta ƙungiyar NSCA, ta masu horar da ƙarfi, tana neman digiri ko kasancewa a ajin ƙarshe, tare da shaidar iya farfaɗo da bugun zuciya. Ba yanzu za ka zauna waɗannan ba, amma sanin su zai gaya maka waɗanne kwasa-kwasan zaɓi ne suke da amfani.

Mataki na uku: ƙirga awowi, kada ka tsaya a kan kiredit

Kiredit yana da ruɗi. A tsarin Amurka digiri yakan kai kiredit 120, wato kusan 15 a kowane zango, kuma 12 ne mafi ƙarancin da ake ɗaukar mutum a matsayin cikakken ɗalibi. Ƙa'idar da aka gina shi a kai ita ce kowace awa ɗaya a aji tana buƙatar awa biyu na karatu a waje. A tsarin Turai na ECTS shekara kiredit 60 ce, kowanne yana nufin aikin awa 25 zuwa 30. A Birtaniya 120 ne a shekara, kowanne awa 10. Lambobin sun bambanta amma duk wuri ɗaya suka nufa: karatun jami'a aiki ne na cikakken mako.

Abin da kiredit yake ɓoyewa shi ne ɗakin gwaji. Zaman awa biyu ko uku a can sau da yawa kiredit ɗaya ake ba shi, ga rahoton da za ka rubuta bayan ka fito. Mu ɗauki zango mai kiredit 15: bayoloji 4, kemistiri 4, lissafi 3, rubutu 3, gabatarwar fanni 1. Bayoloji lakca awa uku ce da gwaji awa uku, kemistiri ma haka. Jimillar zama a aji ta zama awa 19 ke nan. Ƙara awa 30 na karatu, ka sami 49. Mako awa 168 ne. Cire 56 na barci, cire 49 ɗin nan, saura 63. Cire awa uku a kullum na abinci, wanka, ibada da zirga-zirga, saura 42. Yanzu in kana cikin ƙungiyar wasa ta jami'a, atisaye da tafiye-tafiye za su ci nasu. Hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ma da ta sa iyaka, awa 20 a mako ta sa a lokacin gasa, kuma tafiya ba ta cikin lissafin. In kana aikin neman kuɗi na awa 15 a kai, duba abin da ya rage.

Ɗaliban wannan fanni sun fi kowa faɗawa wannan rami, don yawancinsu suna da atisayen da ba sa son bari. Kada ka bari, amma ka rubuta shi a jadawali a matsayin kwas mai cin lokaci. In lissafin bai fita ba, rage kiredit a zangon da gasa ta fi zafi, ka cike a ɗaya zangon ko a lokacin hutu. Kafin ka rage, tambaya ko tallafin karatunka ko bizarka ko cancantarka ta wasa suna da mafi ƙarancin kiredit da aka gindaya. Kuma kada barci ya zama wurin da kake cire rarar. Kai da za ka koya wa wasu cewa a lokacin hutu jiki yake ginuwa, bai kamata ka fara da saɓa wa darasin ba.

Mataki na huɗu: duba lissafinka da gaskiya

Mutane kan ji tsoron anatomi, amma lissafi ne yake kayar da su a ɓoye. Ba wani lissafi mai zurfi ake nema ba: aljebra, ɗan ilimin kusurwoyi, da iya sauya ma'auni ba tare da rikicewa ba. Sai dai ana nemansa kullum.

Ga misali daga bayomekaniks. Ka riƙe ƙarfe mai kilo 5 a tafin hannu, gwiwar hannu a lanƙwashe, sangalin hannu a miƙe daidai da ƙasa. Daga gwiwar zuwa ƙarfen kamar santimita 35 ne. Tsokar damtse kuwa tana maƙale ne kusan santimita 4 kacal daga gwiwar. Nauyin ƙarfen 5 sau 9.8, wato niyuton 49 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi). A ninka da mita 0.35, ƙarfin juyawa ya zama kusan 17. Don hannun ya tsaya cik, dole tsokar ta ja da 17 a raba da 0.04, wato sama da niyuton 400, kwatankwacin nauyin kilo 40 da ɗoriya, ba a ma sa nauyin hannun kansa ba. Kilo biyar a tafi, kilo arba'in a tsoka. Wanda ya mance ya mai da ɗaya daga cikin tsawon biyu daga santimita zuwa mita zai sami amsar da ta kauce sau ɗari.

Ga wani daga fiziyoloji. Ma'aunin MET ɗaya shi ne mililita 3.5 na oksijin ga kowane kilo na jiki a minti. Mutum mai kilo 70 yana gudu a kan MET 8: 8 sau 3.5 sau 70 ya ba da mililita 1,960, kusan lita biyu a minti. Kowace lita ta oksijin tana daidai da kusan kilokalori 5, ka ga yana ƙona wajen 10 a minti.

Gwada waɗannan biyun da kanka, ka rufe amsar. In sun zo maka da sauƙi, shiga lissafin da sashe ya tsara. In ka ji kanka ya ɗaure, ɗauki kwas ɗin share fage a zangon farko, ka tura fiziks gaba. Inda ake jarrabawar tantance matakin lissafi kafin rajista, yi bitar mako ɗaya ko biyu kafin ka zauna, domin sakamakonta ne zai yanke ko za ka fara kemistiri nan take ko sai ka jira. Kemistiri a wurare da yawa yana da sharaɗin lissafi, kuma ɗalibai ba sa lura sai kwamfuta ta ƙi karɓar rajistarsu.

Mataki na biyar: raba nauyin tsakanin zango biyu

Dokata a nan gajera ce: kada kwas mai ɗakin gwaji ya wuce biyu a zango ɗaya a shekarar farko. Uku yana yiwuwa ga wanda ya saba, amma sabon shiga yana koyon jami'ar kanta ne a lokaci guda, kuma rahotanni uku a mako suna cinye lokacin da ya kamata a yi bita.

Ga fasalin da ke aiki a tsarin da ake da zaɓi. Zangon farko: bayoloji da gwajinsa, kemistiri na ɗaya da gwajinsa, lissafi, rubutu, da gabatarwar fanni. Zango na biyu: anatomi da fiziyoloji na ɗaya, kemistiri na biyu, ƙididdiga, ilimin halayyar ɗan Adam, sai kwas ɗaya na zaɓi mai sauƙi. Fiziks ya jira aji biyu, bayan lissafi ya zauna. In lissafinka yana da rauni, kemistiri ya koma zango na biyu, ilimin halayya ya hau gurbinsa.

Kwas mai kashi biyu, ka bi na ɗaya da na biyu a jere, kada ka sa hutun zango a tsakaninsu. Kemistiri na biyu yana ɗauka cewa na ɗaya yana nan sabo a kanka.

Kada kuma ka cinye duk kwasa-kwasan gama-gari masu sauƙi a aji ɗaya. Ɗalibai kan yi haka don makinsu ya yi kyau, sai su isa aji uku ba abin da ya rage sai fiziyolojin motsa jiki, bayomekaniks da hanyoyin bincike a zango guda, babu wani mai sauƙi da za a sirka. Ajiye biyu ko uku don wannan ranar.

Kwas ɗin rubutu da na ƙididdiga su ne aka fi rainawa, kuma rainin kuskure ne. Fannin nan cike yake da da'awa: wannan garin ƙarin kuzari yana gina tsoka, wancan atisayen yana narkar da tumbi. Ƙididdiga ce za ta koya maka tambayar mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, kuma bambancin ya wuce na dace ko bai wuce ba. Binciken da Jeremy Morris da abokan aikinsa suka wallafa a 1953, wanda ya nuna kwandastocin bas na Landan masu hawa da sauka sun fi direbobin da ke zaune ƙarancin ciwon zuciya, aikin ƙirga ne da kwatantawa. Daga irinsa aka taso har zuwa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, cewa baligi ya yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako.

Mataki na shida: jadawali, mai ba da shawara, da ranar rajista

Fara sanya ɗakunan gwaji a jadawali, don su ne masu dogon lokaci da ƙarancin gurbi. Lakcoci su biyo baya, sannan atisaye da aiki. Duba nisan gine-gine: minti goma tsakanin lakca biyu ba zai isa ba in ɗaya tana wannan ƙarshen harabar ɗaya tana wancan. In akwai jadawalin jarrabawar ƙarshe tun yanzu, duba kada manyan kwasa-kwasai biyu su faɗo rana ɗaya. Shirya jadawali na biyu da na uku, domin gurbin da kake so zai iya cika kafin layi ya zo kanka.

Je wurin malamin da aka ba ka don shawara da takardar sarƙoƙinka a hannu. Wanda ya shiga ya ce "Malam, me zan ɗauka?" jerin kowa da kowa za a ba shi. Kai ka tambayi abin da kundi bai faɗa ba: wane kwas ne aka fi faɗuwa a aji ɗaya? Wanne ne yake cika da wuri? Akwai mafi ƙarancin maki da ake nema kafin a shiga manyan kwasa-kwasan sashe? In na maimaita kwas, sabon maki yana goge tsohon ne ko haɗa su ake yi? In ka zo da kiredit daga wata makaranta ko wata jarrabawa, nemi a rubuta maka wane kwas ya maye gurbinsa. Duk alƙawarin da aka yi maka da baki, bi shi da saƙon imel ka ajiye amsar.

Ɗaliban aji biyu da uku ma a ji ta bakinsu, amma a tace. In sun ce malami kaza yana da tsanani, tambaye su ko an koyi abu a wurinsa. Anatomi mai sauƙin maki da ba a koyi komai ba, a aji uku ake biyan bashinsa.

Mataki na bakwai: makonni biyu na farko

Kowane malami zai ba da takardar tsarin kwas. A zauna da su duka rana ɗaya, a kwashe ranakun gwaji, jarrabawa da miƙa rahoto a zuba a kalanda guda. Nan take za ka ga makon da abubuwa uku suka haɗu, yawanci a tsakiyar zango. Rubuta kuma ranaku biyu da jan biro: ranar ƙarshe ta sauya kwas ba tare da ya bar tabo a takardar sakamako ba, da ranar ƙarshe ta janyewa. In a mako na biyu ka ga lissafin awowinka ya ƙi, wannan ne lokacin ajiye kwas ɗaya, kuma wanda za a ajiye shi ne wanda ba ya cikin sarƙa.

Mataki na takwas: yadda ake cin anatomi da fiziyoloji

Zan daɗe a nan, domin wannan kwas ne yake raba masu ci gaba da masu sauya sashe. Baligi yana da ƙashi 206 da tsokar ƙwarangwal sama da 600. Ba duka za a tambaye ka ba, amma ga kowace tsoka da aka koyar ana son abu huɗu: inda ta taso, inda ta maƙale, motsin da take haifarwa, da jijiyar da ke kai mata umarni. Sunayen na Latin da Girkanci ne, saboda haka koyon 'yan gutsattsarin da ke maimaituwa a cikinsu a makon farko yana rage wahalar sauran zangon.

Wannan ba karatun daren jarrabawa ba ne. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa yawancin mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka tara wuri ɗaya. Minti talatin kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi. Kuma bita ba sake karanta littafi ba ce. Rufe shi, ka zana ƙashin kafaɗa daga ka, ka sa sunaye, sannan ka buɗe ka ga abin da ka tsallake.

Kana da wata dama da ɗalibin kemistiri ba shi da ita: abin karatun yana jikinka. Ɗora yatsu a gaban damtse ka lanƙwasa gwiwar hannu, ka juya tafin sama ka ji tsokar ta ƙara tauri. Tsaya a kan yatsun ƙafa ka taɓa agara a bayan idon sawu. Shafa bayan wuyanka ka sunkuyar da kai, ƙashin da ya fi fitowa a gindin wuya galibi shi ne na bakwai cikin ƙasusuwan wuya, daga nan goma sha biyu na ƙirji suke farawa, sai biyar na kwankwaso. A wurare da yawa jarrabawar gwaji tebur-tebur ake yin ta: an soka alama a wani wuri a kan ƙashi ko gunkin roba, kana da kamar minti ɗaya ka rubuta suna kafin a ce a matsa. Hoton littafi a miƙe yake kullum, ƙashin da ke kan tebur kuwa ana iya kifa shi. Don haka duk lokacin da aka buɗe ɗakin gwaji don bita, je ka juya ƙasusuwan da hannunka.

Fiziyoloji dabararsa daban ce. Haddar ba ta isa, sai an bi dalili. Zuciya mai bugu 70 a minti, tana tura mililita 70 a kowane bugu, tana fitar da kusan lita 5 a minti. To in mutum ya fara gudu me zai canja, kuma me ya sa? In ya yi wata shida yana atisaye, me ya sa bugunsa na hutu yake raguwa alhali jinin da ake buƙata bai ragu ba? Wanda ya iya bayyana wa abokinsa wannan da baki, ba takarda, ya shirya wa fiziyolojin motsa jiki. Nan ne kuma kemistiri yake dawowa: dalilin da ya sa gudun mita ɗari da na kilomita goma suka bambanta yana cikin hanyoyin da tsoka ke sabunta sinadarin ATP da ke ba ta kuzari, daga ajiyar fosfokiriyatin da ke ƙarewa cikin kusan daƙiƙa goma zuwa ƙona sukari da kitse da oksijin.

Mataki na tara: in maki ya fara zamewa

Matsakaicin maki da nauyin kiredit ake lissafa shi. A ma'aunin 4, inda A take 4, C kuma 2, in ka sami C a kwas mai kiredit 4 da A a mai kiredit 1, lissafin 8 ne a tara da 4 a raba da 5, wato 2.4. A ɗin bai cece ka ba. Manyan kwasa-kwasan kimiyya su ne masu nauyi, kuma makarantun gaba da yawa suna ware makinsu su duba shi daban.

Gwajin farko shi ne ƙararrawa. In ya zo da muni, kai takardar ofishin malami a makon, ku duba tare ko rashin sani ne, ko rashin fahimtar tambaya, ko ƙarancin lokaci, don kowanne maganinsa daban. Kafin ranar janyewa, lissafa makin da kake buƙata a sauran ayyukan don ka kai abin da sharaɗi ya nema. In sharaɗin C ne, D ba ta da amfani ko da ana kiranta ci: za ka maimaita, ga kuma tabo a matsakaicinka. A irin wannan hali janyewa takan fi, muddin ba za ta sauke ka ƙasa da kiredit ɗin da tallafinka ya gindaya ba.

Mataki na goma: abin da ba ya cikin rajista

Yi kwas ɗin taimakon gaggawa da farfaɗo da bugun zuciya a shekarar nan. Yini ɗaya ne ko ƙasa da haka, ana koyon danna ƙirji sau 30 da hura numfashi sau 2, a gudun 100 zuwa 120 a minti, kuma kusan duk wurin da za ka nemi aikin sa-kai zai tambaye ka shaidarsa. Yawancin irin wannan shaida shekara biyu take yi, saboda haka rubuta ranar ƙarewarta.

Koyi awon bugun jini da hawan jini da hannu tun kafin a tilasta maka. Yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Awon hawan jini ya fi wuya: ka ɗaura maɗaurin a damtse, ka hura, ka sassauta iskar a hankali, milimita biyu zuwa uku a daƙiƙa, kunnenka na jiran ƙwanƙwasar farko da kuma inda sautin zai ɓace. Nikolai Korotkoff ne ya bayyana waɗannan sautuka a 1905. A aji uku za a ce ka ji su a hannun mutumin da ke tuƙa keken gwaji, ga ƙarar inji ga haki, kuma wanda ya saba da su a ɗaki shiru ne kawai zai kama su.

Nemi izinin zuwa kallon masu aikin: mai horar da ƙarfi, sashen farfaɗo da masu ciwon zuciya, ɗakin fiziyoterafi. Buɗe littafi ka riƙa rubuta rana, wuri, awowi da sunan wanda ya kula da kai, ya sa hannu tun yana tuna fuskarka. Wasu makarantun gaba suna neman wannan lissafi. In wani malami yana neman waɗanda za a gwada a bincikensa, ba da kanka. Hawa injin gudu da abin rufe baki ana auna iskar da kake shaƙa zai koya maka ma'anar iyakar shan oksijin fiye da babi guda na littafi, kuma malamin zai san sunanka ranar da za ka nemi takardar shaida.

Rajistar aji biyu a jami'o'i da yawa tana buɗewa tun zango na biyu bai ƙare ba. Mako biyu kafin ranar, ɗauko takardar sarƙoƙin, soke abin da ka ci, ka zagaye abin da ya rage. In wani kwas na bakin sarƙa ya kuɓuce maka, tambaya ko ana bayar da shi a zangon hutu. In a wata makaranta za ka ɗauke shi, karɓi amincewar sashenku a rubuce kafin ka biya kuɗi, tare da tabbacin cewa da aikin ɗakin gwajinsa za a karɓa.